Zoben Jega Mai Inci Goma Sha Shida

Ni na ƙera zobban da 'yan ƙwallon kwandonmu na Jega suka yi kakar wasa guda suna jefa ƙwallo a ciki, kuma duka biyun ban yi su daidai ba. Inci biyu suka rage. Saura kaɗan wannan inci biyu ya fitar da kulob ɗin daga gasa, ni kuma ya fitar da ni daga gari.

Sunana Arzika, walda nake yi. Ku samarin da kuke tsayawa bakin shago kuna kallon tartsatsi, kuna cewa aikin nan manna ƙarfe ne kawai, ku samu benci ku zauna. Manna ƙarfe shi ne ƙarshen aiki. Awo ne farkonsa, kuma a awo ake mutuwa.

Wurin Malam Nomau na koya, a unguwar Jega Firchin. Shekara biyu ban taɓa sandar walda ba. Zarto, guduma, kankare tsatsa, riƙe bakin tef. Ranar da ya fara barina in ɗiga wuta, na cire baƙin gilashi don in gani da kyau. Kwana uku ina jin kamar an zuba mini yashi a ido. Bai ce mini sannu ba. Cewa ya yi yanzu na san amfanin gilashi.

Abu ɗaya ya dasa mini a kai: awo daga waje zuwa waje. Taga, ƙofa, get, duk cikin ramin bango za su zauna. In ka auna ciki ka manta da kaurin ƙarfe, ba za su shiga ba. Na taɓa yi wa wani malamin makaranta taga shida a Maiyama, na auna daga ciki. Ko ɗaya ba ta shiga ba. Malam Nomau ya sa na kwaso su, ya ɓoye giranda, injin yankan ƙarfe, ya miƙo mini zarton hannu. Mako guda ina yanka. Tun daga nan hannuna bai san wani awo ba sai na waje.

Shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone, na riga na buɗe shagona. Wata tara babu wuta. Injin walda in babu wuta kujera ne. Na sayar da giranda, na tafi Aliero ina dakon buhunan albasa. Waɗanda muka koyi aiki tare da yawa sun bar sana'ar a shekarar, ba su dawo ba. Ni da wuta ta dawo na dawo. Abin da na samo a Aliero shi ne ciwon baya da sanin Alhaji Garba.

Alhaji Garba dillalin albasa ne, tirela yake lodawa zuwa kudu. A can ya ga ana wasan ƙwallon kwando, abin ya shiga ransa. Mutum ne da in abu ya shiga ransa sai ya saya. Ya kafa kulob, ya ɗauko 'yan wasa daga garuruwa, yana biyansu albashi duk wata kamar ma'aikata, ya sa su a gasar ƙasa rukuni na biyu. Akwai sunan Turanci a jikin rigarsu, amma ba wanda ya taɓa kiransa. 'Yan Albasa ake cewa. Ya zuba siminti a wani fili bayan tasha, ya ɗauko Koci Bulus, wanda ya daɗe yana koyar da motsa jiki a wata sakandare.

Koci Bulus ne ya zo shago da hoto a waya. Ginshiƙi biyu, allo biyu, zobe biyu. Tsayi ƙafa goma daga ƙasa, faɗin zobe inci goma sha takwas. Na ce an gama. Na yi zobban da rodin taga, na kafa. Kwana uku suka yi.

A cikin 'yan wasan akwai wani Emmanuel. In zai shiga shagona sai ya duƙa. Mutanen tasha suka sa masa Giginya, shi ma ya karɓa. Ya yi tsalle ya cusa ƙwallo, ya rataye a jikin zobe, zoben ya lanƙwashe ya kalli ƙasa kamar kunnen akuya. Ina wurin. Tasha duka tana wurin. Wani direba ya ɗaga murya ya ce, "Arzika, da taliya kay yi shi?"

Na kwance zobban. Na tafi na nemo rodi mai kaurin inci guda, irin wanda ake sawa a gada. Hannu ba ya lanƙwasa shi. Na kai maƙera aka gasa shi ya yi ja, muka naɗe shi da guduma. Na ɗora tef, sha takwas cif, daga waje zuwa waje, yadda aka koya mini. Na kafa. Giginya ya rataye, ya yi lilo, ya sauko ya duba tafin hannunsa. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Baba, wannan ya yi."

Ku lissafa da kanku. Inci guda nan, inci guda can. Ramin da ƙwallo za ta bi ya koma sha shida. Ban sani ba, Koci bai sani ba, ba wanda ya hau da tef.

Aka fara kaka. Ƙwallo ta ƙi shiga. Za ka ga jifa mai kyau, ta taɓa ƙarfe, ta yi ƙara kamar an bugi tukunya, ta dawo. Koci Bulus ya ce hannuwansu ne suka lalace da cin tuwon shinkafa. Ya sa su jifa tun da sassafe kafin karin kumallo, wanda ya zubar da biyar a jere ya zagaya fili da gudu. Haka suka yi makonni. A hankali suka gane kan abin. Sai ka ɗaga ƙwallo sama sosai, ta sauko a tsaye ta tsakiya, ba ta taɓa komai ba. In ba haka ba zoben nan ba ya karɓa.

Baƙi ba su da makonnin koyo. Su zo da manyan jakunkuna da takalma masu tsada, su yi ta jifa, ƙarfe yana mayar musu. Wani kocin baƙi har hularsa ya jefa ƙasa ya taka. A filin Jega ba a ci mu ko sau ɗaya ba.

Tafiyar farko da suka yi waje, direban motarsu ne ya kawo labari tasha. Ya ce shi bai gane ba, yaran nan da ke wahala a gida, can kamar cikin rijiya suke jefawa. Daga ko'ina suka saki sai ta faɗa. A waje ma cinsu ya fi faɗuwarsu yawa.

Gari ya haukace. Ranar wasa mahauta su rufe da wuri. 'Yan kabu-kabu su taho jere daga Maiyama da Mungadi suna hon, an ɗaura ganyen albasa a madubi. Tsofaffin da ba su san dokar wasan ba su zo da tabarma, duk aka busa usur su tashi su zagi alƙalin wasa, ko da mu aka ba. Mai kalangun mahauta ya koma filin gaba ɗaya. Wata rana na ga buhun albasa an ɗora a kan kujera an sa masa rigar kulob da hula.

Sai magana ta fita cewa na sa laya a cikin ginshiƙi kafin in rufe shi da walda, shi ya sa ƙwallon baƙo ba ta shiga. Aka tambaye ni. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na ce ni aikina nake yi. Aiki kuwa ya zo. Ƙofar shago, get ɗin gida, ƙofar rumbun albasa. Wani ɗan kasuwa ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce, "Irin ta hilin ƙwallo nika so, wadda ba a shiga." Na yi masa ƙofa mai kyau da ƙarfe mai kauri. Abin da na iya ke nan.

Kaka ta ƙare muna cikin huɗun farko. Daga nan wasa ya canja. Kulob biyu su haɗu sau uku, wanda ya ci biyu ya wuce, ɗayan ya tafi gida. Aka haɗa mu da 'yan wani babban birni, masu ɗakin wasa da allon gilashi. Wasan farko a wurinsu, suka ci mu da maki uku. Na biyu a Jega, ranar Jumma'a bayan la'asar. In suka ci, shi ke nan.

A wannan mataki ana auna fili. Da can ba a yi. Ranar Alhamis da hantsi hukumar gasa ta aiko wata mata, Madam Hannatu, tsohuwar 'yar wasa, da tef a jaka. Na sa kaftanina mai kyau na je, don na ɗauka yabo za a yi. Ita da kanta ta hau tsani. Ta auna tsayi, daidai. Ta auna allo, daidai. Sai ta maƙala bakin tef a cikin zobe ta ja. Ta duba. Ta sake ja. Ta sauko ta sa aka kai tsani ɗaya gefen, ta hau, ta ja. Daga can sama ta tambayi wanda ya yi aikin. Mutum ya fi hamsin a wurin, duk suka nuna ni.

"Baba, nawa aka ce maka?"

Na ce sha takwas, kuma sha takwas na yi. Na karɓi tef na hau wani tsani, na ɗora daga waje zuwa waje, na nuna mata. Ta yi dariya har tsaninta yana rawa.

"Baba, ƙwallon ta waje take bi?"

Koci Bulus ya zauna a kan siminti. Ya fara dariya ya kasa tsayawa, yana nuna 'yan wasansa da ya yi wata da watanni yana sa su gudu. Su kuma ni suke kallo.

Madam ta yanke magana. Wasannin baya sun zauna, tunda kowa a zobba ɗaya ya jefa, kuma ana musayar gefe bayan hutu. Amma gobe ƙarfe sha biyun rana za ta sake hawa. In ba ta samu sha takwas daga ciki ba, da rodin da bai wuce kaurin da ta nuna mini ba, za a ba baƙi wasan ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Alhaji Garba ya cire hula ya goge kai. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Arzika, gobe sha biyu," ya shiga mota.

Na san ma'anarsa. In aka fitar da 'Yan Albasa saboda tef ɗina, ko murfin masai ba wanda zai sake kawo mini a ƙasar nan.

Yanzu ku ji aiki. Zobe ba a zana shi a ƙasa a bi da guduma, sai ya fito da kusurwa kamar ƙosai. Sai ka samu abu mai ƙarfi, kewayayye, ka naɗe rodi a bayansa. Bayan abin shi ne cikin zoben. Kuma rodi in ka sake shi yakan buɗe kaɗan, kamar rabin inci. Ke nan abu mai sha bakwai da rabi nake nema. Rodin na samu, mai tauri, ya ɗan fi rabin inci. Abin naɗewa ne babu.

Na shiga kasuwa da tef. Giginya da 'yan wasa uku suka biyo ni, wai ba su yarda in tafi ni kaɗai ba. Na auna tukunyar mai tuwo, sha tara. Na auna kututturen mahauta, ba shi da siffa. Wilin tirela ya yi girma, na ƙaramar mota ya yi kaɗan. Jama'a suka biyo mu, kowa yana kawo abu. Wani ya kawo faranti, wani ya kawo ganga, wani ya ce in auna kan ƙaninsa. Azahar ta yi ba mu samu ba. Direban nan da ya yi mini maganar taliya shi ne ya ce akwai tsohon injin niƙa a Dangamaji mai wili na ƙarfe zalla, ya kuma ce mu hau motarsa ya kai mu.

Injin na Inna Kulu ne. Muka tarar yana aiki, mata sun jera ƙwarya da roba, gero da dawa, ga kuma suna da za a yi washegari a unguwar. Ta bari aka tsayar na ɗan lokaci na ɗora tef. Sha bakwai da rabi. Na ce ina roƙon awa biyu. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Awa biyu? To wanga hatsi wa za shi daka musu? Kai?"

Giginya ya tambayi me ta ce, aka fassara masa. Ya waiga, ya ga taɓarya a jingine, ya ɗauka. A hannunsa kamar muciya. Aka fito da turame huɗu. Tsayi ya hana su daka a tsaye, sai da suka durƙusa. Mata suka kewaye su suna tafi, ana yi musu waƙar daka. Wata tsohuwa ta ce wa Giginya da wannan hannun ba za a ba shi mata a Dangamaji ba. Ya ƙara ƙarfi don ya burge ta, turmi ya rabe biyu. Daga baya Alhaji ya aika da sabo.

Ni ban tsaya kallo ba. Na cire bel ɗin injin, na kafe wili da itace, na ɗaure bakin rodi, na zura masa dogon bututu na riƙa zagayawa a hankali. Da sanyinsa ake naɗe irin wannan, in ka gasa shi taurinsa ya tafi. In ka yi gaggawa ya murɗe. Na yi uku, ɗaya na ko-ta-kwana. Na saki na farko na sa tef daga ciki. Hannuna har yana so ya koma waje. Sha takwas. Kafin magariba muna Jega, 'yan wasa fari fat da gari.

Jumma'a da safe babu wuta. Ban yi mamaki ba. Mai sayar da ƙanƙara ya ara mini janareta, mutum shida suka ɗauko shi. Walda tana jan ƙarfe, in ka cika gefe ɗaya a tashi guda zobe ya zama ƙwai. Sai ka ɗiga nan, ka ɗiga can, ka auna, ka bari ya huce, sannan ka cika. Mutane suna bakin shago suna faɗa mini lokaci kamar ban da kunne. Na sa ƙugiyoyin raga goma sha biyu a kowanne. Na yi musu tokara biyu daga ƙasa saboda Giginya. Na shafa fenti ruwan goro. Sha ɗaya da rabi muka ɗaure su, fenti ɗanye.

Madam Hannatu ta hau. Ta auna gabas da yamma, ta auna kudu da arewa, ta auna a karkace. Ta koma ɗaya ta yi haka. Fili shiru, har mai kalangu. Ta sauko ta nuna mini yatsunta duk fenti, ta ce, "Sha takwas, Baba." Ban ji sauran ba saboda hon.

Bayan la'asar aka fara. Akwai wani Ɗanlami, shi kaɗai ne ɗan Jega a cikinsu, kuma shi ne gajerensu. Ya samu ƙwallo daga nesa ya saki. Ta faɗa ba ta taɓa komai ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa har Koci ya daka masa tsawa ya koma baya. Daga nan ruwa ya ɓalle. Mutanen da suka yi kaka guda suna neman ramin sha shida, an buɗe musu sha takwas a gidansu. Ta kusurwa, ta tsakiya, da gudu, a tsaye. Baƙin ma suna ci, sun iya wasa, amma duk suka ci biyu a mayar musu da uku. Fenti ya kama ƙwallo, ƙwallo ta shafa wa kowa. Kafin hutu hannuwa da riguna har fuskar alƙali duk ruwan goro.

Ana kusa da tashi Giginya ya taho da gudu, ya tashi, ya cusa, ya rataye. Da gangan ya yi. Fili duka ya juyo yana kallona. Zobe bai motsa ba. Alƙali ya hukunta shi, Giginya ya ce ya ji ya gani. Muka ci su da rata mai yawa. 'Yan kabu-kabu suka ɗaga ni sama suka zagaya tasha da ni. Takalmina ɗaya ya faɗi, har yau ban gan shi ba.

Wasa na uku a birninsu, muka ci. A zagayen ƙarshe muka haɗu da waɗanda suka fi mu, suka ci mu biyu a jere. Ba zancen zobe, sun fi mu ne. Amma kulob biyu ake ɗauka zuwa rukuni na ɗaya, kuma muna ciki. Alhaji Garba ya yanka sa.

Bayan mako biyu Koci Bulus ya zo shago yana tambayar tsofaffin zobban nan masu sha shida. Na jefar da su bayan shago, maƙwabcina ma ya ɗaure akuya a jikin ɗaya. Muka kwance akuya. Ya sa na kafa su a gefen fili, a nan suke atisaye har yanzu, na daidai kuma sai ranar wasa. Ba a jima ba wani direba ya kawo saƙo daga Madam Hannatu. Tana son zobe biyu don 'yan matan da take koyarwa, inci goma sha shida, kuma ta ce a faɗa mini daga ciki.

Ɗan kasuwar nan mai ƙofar da ba a shiga shi ma ya zo, ransa a ɓace. Ya ce ashe babu laya. Na tambaye shi ko ɓarawo ya shiga. Ya ce a'a. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce in yi masa wata ta gidan ƙanensa.

Yanzu ina shagona a kan hanyar Maiyama. Idon hagu ya dushe, ba na hawa tsani. Ranar wasa akwai kujerata a ƙarƙashin ginshiƙin gabas, ba mai zama a kai. Tef yana aljihuna. Duk wanda ya kawo mini awo, ko na murfin tukunya ne, kafin ya zauna sai na tambaye shi: ciki ko waje?